Tsohuwar Fijo 504 da motar tsere ta zamani: wacce ce ta hanyar Wurma?

Akwai wata gardama da ba ta ƙarewa a tashoshin mota da garejin kanikawa tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Takan tashi ne duk lokacin da wata mota mai ƙasa-ƙasa, mai rugugi kamar hadarin Agusta, ta wuce a guje ta bar jama'a da ƙura. Matasa su bi ta da kallo suna lissafin miliyoyin da aka zuba. Tsofaffin direbobi kuwa su taɓe baki, su ce ai mota ta ƙare tun ranar da aka daina haɗa Peugeot 504 a Kaduna. Daga nan sai a rabu gida biyu, a yi ta ja har ladan ya raba.

Kowane ɓangare yana da abin kamawa. Matsalar ita ce yawanci ana musu ne a kan gudu da kyan jiki, alhali ba su ne suka dami mutumin Wurma ba. Wanda zai ɗauki mai naƙuda da tsakar dare zuwa asibitin Kurfi ko na Dutsin-Ma, ko ya kai buhunan gero da wake kasuwa, abin da yake son sani shi ne wace mota ce za ta kai shi ta dawo da shi, kuma idan ta mutu a dokar daji, wa zai iya tashinta. A wannan ma'auni tsohuwar ta yi wa sabuwar fintinkau. Sai dai akwai wuri guda da ta faɗi warwas, kuma masu yabonta ba su cika son a kai hirar can ba.

Motar da aka yi wa wannan ƙasa

An fara fito da 504 a Faransa a 1968, kuma a 1969 ta lashe kambun motar shekara ta Turai. Amma a Afirka ta yi sunanta. A 1975 aka buɗe masana'antar Peugeot a Kakuri, Kaduna, zamanin Janar Yakubu Gowon. Faransa ta daina ƙera ƙaramar 504 tun 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta har wajen 2006. Wato sama da shekara ashirin bayan masu ita sun wuce wurin, Najeriya na nan riƙe da ita. Wasu kan kira wannan ci baya. Gaskiyar magana, kasuwa ce ta ƙi sakinta, domin ba a samu wadda za ta yi aikinta ba.

Bayan kisan Janar Murtala Muhammad a Fabrairun 1976, gwamnatin sojan Obasanjo ta ɗauki manufar rage almubazzaranci, Fijo ta zama motar hukuma daga manyan jami'ai har zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma. Ita ce motar alƙali, ita ce ta shugaban makaranta, ita ce ta alhajin da ya yi sa'ar auduga da gyaɗa. Doguwar cikinsu mai layi uku ta zama motar haya tsakanin Katsina da Kano, Funtua da Zariya. Akori-kura kuma ta ɗauki kayan gona, ta ɗauki dabbobi, ta ɗauki 'yan biki, wani lokacin duka a tafiya ɗaya. A wancan zamani direba mutum ne mai daraja, har mawaƙa irin su Mamman Shata sun wasa direbobi.

Ga wani abu da matasan da ke raina ta ba su cika sani ba: Fijo 504 ita ma motar tsere ce a zamaninta, kuma a kan irin hanyoyin nan ta ci gasa. A 1975 ta lashe gasar Safari ta Kenya, wadda ake ɗauka ɗaya daga cikin mafi wahala a duniya, a hannun direba Ove Andersson. A shekarar dai ta ci gasar Maroko da ta Bandama a Kwaddibuwa. Ba a kan shimfiɗaɗɗiyar kwalta aka yi waɗannan ba. Laka ce, da yashi, da duwatsu, da ramuka na dubban kilomita. Duk wanda ya taɓa bin hanyar burji daga Wurma zuwa ƙauyukan da ke kewaye da ita cikin damina ya san wane irin gwaji ake nufi.

Sirrinta ba wani boyayyen abu ba ne. Cikinta ya ɗaga daga ƙasa. Sifirin da shokazobanta suna da tsawon tafiya, shi ya sa take shanye rami maimakon ta mayar wa fasinja da shi a ƙugu. Tayoyinta masu kauri ne, akwai iska mai yawa tsakanin wili da ƙasa. Tayoyin baya ke tura ta, don haka idan aka loda mata kaya sai ta ƙara kama ƙasa. Injinta, mai kusan lita biyu, bai kai ƙarfin doki 100 ba, amma ba ya zaɓen abinci.

Sannan uwa uba, ana gane ciwonta da kunne da ido. Kafireta ce ke haɗa mai da iska, kwantak da fulogi ke ba da wuta. Idan ta tsaya, abubuwan da ake zargi ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba: ko mai bai zuwa, ko wuta ba ta zuwa, ko fanbel ya tsinke, ko lagireto ya bushe. Direba da yaron mota, da sifana biyu da sukundireba, sukan tashe ta a gefen hanya. Wanda ya fi haka sai a kira bakanike daga gari mafi kusa, ya zo a kan babur, kafin la'asar an kama hanya. Kayan gyaranta kuwa har a kan tebur ake samu, daga Kofar Ruwa a Kano zuwa Panteka a Kaduna, inda abin da babu ma sai a ƙera shi.

Doki ɗari huɗu a hanyar jakuna

Yanzu a dubi abokiyar karawar. Abin da matasa ke kira motar tsere a Katsina da Kano ba lallai Ferrari ko Lamborghini ba ne. Galibi Ford Mustang ce, ko Dodge Charger, ko Chevrolet Camaro, ko wata Marsandi mai ƙofa biyu da aka sauke wa jiki aka sa mata salansa mai ƙara. Ba laifi a faɗi gaskiya, injiniyancin da ke cikinsu abin sha'awa ne. Mustang GT ta shekarun nan tana da ƙarfin doki sama da 450, tana kai gudun kilomita 100 cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, kuma sai da kamfani ya sa mata takunkumi a kilomita 250 cikin awa. Akwai samfurin Charger da ya haura doki 700. Birkinta, da sitiyarinta, da sanyin cikinta, duk Fijo ba ta ko kusa.

To amma ina za a yi gudun? Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanyoyi. Daga Katsina zuwa Dutsin-Ma ta Kurfi kimanin kilomita 60 ne. Mai tafiya a kan 80 zai isa cikin minti 45. Wanda ya taka 120 tun daga farko har ƙarshe, in ma hanya ta bar shi, zai isa cikin minti 30. Kwata ɗaya na awa ke nan, a hanyar da ke ratsa garuruwa, da 'yan makaranta, da amalanken shanu, da masu babur ɗauke da mutum uku, da awakin da ba su san dokar hanya ba.

Kuma hanyar ba za ta bar shi ba. An ƙera irin waɗannan motoci su kwanta kusa da ƙasa domin iska ta danne su a lokacin gudu. Wannan kwanciya ita ce ke sa duk tudun rage gudu da aka yi a bakin kasuwa ya zama abin fargaba, sai ka ga mota mai doki ɗari huɗu tana hawansa a karkace kamar mai ciwon baya, a-daidaita-sahu na yi mata hon. Tayarta siririya ce a kan faffaɗan wili. Rami ɗaya mai kaifin baki ya isa ya fasa tayar ya lanƙwasa wilin, kuma irin wannan taya ba a samunta wurin mai faci na bakin tasha. Da zarar an sauka daga kwalta kuwa, magana ta ƙare. Motar da ba za ta iya kai mai ita ƙofar gidan kakarsa ba ranar Sallah, sai dai a ajiye ta a bakin titi a ƙarasa da babur, akwai alamar tambaya a kan sunanta na mota.

Sai batun mai. Injin da aka matse domin ya ba da ƙarfi yana son fetur mai daraja ta sama, wanda a Amurka da Turai famfonsa daban, kuɗinsa daban. A gidajen man Najeriya iri ɗaya ake sayarwa, kowa da shi zai yi. A ƙauye ma sau da yawa wurin 'yan bumburutu za a saya, cikin galan da kwalba, da duk ƙurar da ta shiga. Ba a manta da gurɓataccen man da ya shigo ƙasar a Fabrairun 2022 ba, wanda ya kwantar da motoci da dama. Kafireta takan yi tari ta wuce, ko a kwance ta a wanke da fetur a mayar. Injekta da famfon mai na motar zamani ba su da wannan haƙuri. Ga kuma tsada: kafin 29 ga Mayun 2023 litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba, a 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Naira kuma ta faɗi daga wajen 460 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024, ga shi kowane ƙaramin sensa na waɗannan motoci da dala ake sayo shi.

A wannan yanki lalacewar mota ba ɓata lokaci kaɗai ba ne. Kurfi da Dutsin-Ma suna cikin ƙananan hukumomin da suka sha fama da 'yan bindiga, Wurma kanta ta ga hari a watan Agustan 2019 inda aka kwashe mutane. A Satumbar 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da waɗannan biyun, aka yi watanni a haka. A irin wannan hali, motar da idan ta nuna jar fitila a dashbod sai an kira wani mai kwamfuta daga Katsina ko Kano, ko a nemo motar janwe, ta zama tarko. Ga shi kuma tana sanar da kowa cewa mai kuɗi na tafe tun daga nisan kilomita. Tsohuwar Fijo mai koɗaɗɗen fenti ba ta jan idon kowa.

Inda tsohuwar ta faɗi

Da a nan maganar ta tsaya, da dattawan tasha sun ci gardama. Amma akwai kalmar da suke yawan faɗa wadda ita ce babban kuskurensu, wato wai motar da ƙarfe ce zalla, ta yanzu kuwa gwangwani ce, ana taɓa ta sai ta lotse.

Lotsewar nan da gangan aka yi ta. Motar zamani an tsara gabanta da bayanta su murƙushe a hankali su shanye ƙarfin karo, ɗakin da mutane ke zaune kuma ya tsaya daram. Tsohuwar mota takan fito daga haɗari da ɗan kyan gani, amma ƙarfin dukan da jikinta bai shanye ba, ƙirjin direba da kawunan fasinjoji ne suka shanye shi. A 2009 wata cibiyar binciken haɗurra ta kamfanonin inshora a Amurka ta gwada wannan a fili. Ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959, ƙatuwar mota mai nauyin ƙarfe, gaba da gaba da Chevrolet Malibu ta 2009 a gudun kimanin kilomita 64. Ɗakin tsohuwar ya rufta a kan mutum-mutumin da ke mazaunin direba, sitiyari ya taso masa. Na sabuwar bai ko motsa sosai ba. Hoton bidiyon yana nan a intanet, kuma ya kamata duk mai cewa motar da ƙarfe ce ya kalle shi sau biyu.

Fijo 504 ta fi waccan Bel Air tsari, amma ita ma ba ta da jakar iskar da ke tare mutum, ba ta da birkin da ke hana taya ƙullewa, ba ta da na'urar da ke gyara mota idan ta fara zamewa a kwana. Idan aka haɗa wannan da yadda aka riƙa loda mata mutum goma a mazaunin bakwai, biyu a gaba kusa da direba, babu mai bel, za a gane dalilin da ya sa kusan kowane gida a ƙasar Katsina yana da labarin wani nasa da ya tafi a hanyar Kano ko ta Funtua. Masu kewar Fijo sukan tuna tafiye-tafiyen da aka isa lafiya. Waɗanda ba su isa ba, ba sa zaune a majalisar balle su faɗi nasu.

Haka nan batun shan mai. Tsohuwar kafireta da ta sha gyara tana zuƙar fetur fiye da kima, ga hayaƙi. A farashin yau, direban haya da ya ce zai riƙe 504 wagon sai dai ya yi wa gidan mai aiki. Shi ya sa tashoshi suka koma Golf da Sharon da ƙananan bas tun kafin a cire tallafi. Ba ƙiyayya ce ta kore ta ba, lissafi ne. Bahaushe ya ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba, kuma wani ɓangare na yabon Fijo kewar zamanin da albashin malamin makaranta ke iya sayen sabuwar mota ne, ba kewar motar kanta ba.

Sai dai kada matasa su yi saurin tafi. Kariyar da ake magana a kai tana aiki ne idan motar tana yadda kamfani ya fito da ita. Mafi yawan waɗannan motoci ba sababbi ake kawo su ba. Rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta fi kowace nahiya karɓa. Sanannen abu ne a kasuwar mota cewa da yawa daga cikin masu sheƙin nan an sayo su ne a gwanjon motocin da suka yi haɗari ko ambaliya ta cinye a Amurka. A kawo su, mai gyaran jiki ya buga, mai fenti ya fesa, jakar iskar da ta riga ta fashe a rufe gurbinta, fitilar gargaɗin kuma a kashe ta daga ciki. Mai saye ya ɗauka yana da kariya, alhali abin da ya rage masa gudun ne kawai.

Gudun kuma ba ya yafiya. Motar da ke kan kilomita 80 tana cin mita 22 a kowace daƙiƙa, wadda ke kan 160 tana cin 44. Idan gudu ya ninka sau biyu, nisan da birki ke buƙata ninkawa yake sau huɗu. Kuma duk jakunkunan iskar duniya na cikin mota suke karewa. Yarinyar da ta fito tallar gyaɗa, da dattijon da ke tsallaka titi zuwa masallaci, ba su da ko ɗaya. Wasan mota da ake yi a wasu bukukuwan aure a biranen Arewa, ana juya ta a tsakiyar titi ana ta da ƙura jama'a na kewaye, ya sha jawo makoki a ranar da aka taru don murna. Wannan ba burgewa ba ce, ganganci ne da ran wasu.

Laifin ba na motocin ba ne

Idan aka natsu, za a ga cewa abin da ya sa Fijo ta yi tasiri ba tsufanta ba ne. A lokacinta ita ce sabuwar fasaha. Abin da ya bambanta ta shi ne an zauna an dubi hanyar ƙasar, da zafinta, da ƙurarta, da aljihun mutanenta, aka haɗa mota daidai da su, aka horar da kanikawa, aka baza kayan gyara. Wannan tsari ne ya mutu. An sayar da hannun jarin gwamnati a masana'antar Kaduna a 2006, bashi ya kai ta hannun hukumar AMCON a 2012. Kamfanin Volkswagen na Legas, da Steyr na Bauchi, da na manyan motoci a Kano, duk sun bi hanya ɗaya ko makamanciyarta. An fito da sabuwar manufar ƙera motoci a 2013, an hana shigo da mota ta kan iyakokin ƙasa daga Janairun 2017, kamfanin haɗin gwiwar Dangote da Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 2022. Duk da haka har yau babu wata sabuwar mota da malamin firamare a Kurfi zai yi mafarkin saya da guminsa. Abin da ya rage masa shi ne ragowar wasu ƙasashe, wadda aka ƙera domin sanyinsu da titunansu.

Ba kuma rashin masu basira ba ne. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi suna a kamfanin General Motors da zanen Chevrolet Volt, daga baya ya shugabanci hukumar tsara ƙera motoci ta ƙasa. A Panteka akwai masu hannun da idan suka ga abu sau ɗaya sun ƙera shi. Abin da babu shi ne wutar lantarki mai ɗorewa, da ƙarfen gida, da bashin saye mai sauƙin ruwa, da gwamnatocin da za su sayi abin da aka haɗa a gida maimakon jerin manyan jif-jif na waje.

Wanda aka fi bari a baya a wannan sauyi shi ne bakanike. Tun 1996 duk motar da aka sayar a Amurka tana da wata kafa a ƙarƙashin sitiyari inda ake soka na'ura ta faɗi abin da ke damunta. Shekara kusan talatin ke nan. Amma a garuruwa da dama har yanzu da kunne da canke ake yi wa motar da kwamfuta ke sarrafawa magani. Mota ta yi zafi, sai a cire tamostat a jefar, a haɗa fanka kai tsaye, wai ai na ƙasar sanyi ne. Sakamakon shi ne injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, ƙwaƙwalwar motar ta ɗauka har yanzu da sanyi, ta yi ta ƙara mai. A fasa tukunyar tace hayaƙi, wadda kanikawa ke kira indomi, a sayar, sensa ta rikice, shan mai ya ƙaru. Daga nan sai mai mota ya koma majalisa yana cewa motar zamani ba ta da ƙarko. Ba laifin bakaniken ba ne shi kaɗai, abin da ubangidansa ya koya masa a kan Fijo shi yake yi wa Toyota.

Nan ne hukuma za ta iya yin abin da ido zai gani ba tare da jiran masana'anta ba. Dutsin-Ma na da jami'ar tarayya tun 2011, tana da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, Katsina na da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman. Na'urar binciken mota ta hannu ba ta fi kuɗin wayar da ke aljihun matasa da yawa ba. Kwas na 'yan makonni da Hausa, da yamma bayan an tashi gareji, tare da ƙungiyar kanikawa, zai canza yadda ake gyara a Kurfi da Dutsin-Ma fiye da rabon baro da injin markaɗe da 'yan siyasa ke kira tallafi. Ranar da rewaya a Wurma zai iya karanta abin da ƙwaƙwalwar mota ke faɗa, rabin fifikon da Fijo ke da shi ya tafi.

Su kuma masu son gudu, hana su kawai ba zai yi ba, domin son tsere tsohon abu ne a ƙasar nan. Katsina gidan doki ce. Tun zamanin Sarki Muhammadu Dikko da ɗansa Usman Nagogo aka san ta da sukuwa da folo. Amma ba a taɓa yin sukuwa a tsakiyar kasuwa ba, fili aka ware mata, da alƙalai, da iyaka tsakanin doki da 'yan kallo. Masu iya sayen motar miliyoyi za su iya haɗa kuɗi su nemi fili a bayan gari, da shinge, da motar asibiti a gefe, da hular kwano. Wanda ya ƙi filin ya zaɓi titin jama'a, a karɓe motar da lasisin, ko ɗan wane ne. Wannan na ƙarshen shi ne mai wuyar, domin kowa ya san irin gidajen da motocin ke fitowa.

Akwai kuma abin takaici game da ita tsohuwar. Yayin da ake ta yabonta da baki, 'yan gwangwan suna bin gida-gida suna sayen gawarta a kan kilo, a daddatsa a loda a tirela zuwa kamfanonin narka ƙarfe. A Kyuba, takunkumin Amurka ya tilasta wa mutane riƙe motocin shekarun 1950, yau su ne masu yawon buɗe ido ke biyan kuɗi su hau. A 2022 an sayar da wata Marsandi ta 1955 a kan Yuro miliyan 135. Ba wanda ke cewa Fijon da ke kwance a bayan gidan wani a Birchi za ta yi irin wannan kuɗi. Amma Marsandin da aka harbe Murtala a ciki tana ajiye a gidan tarihi na Onikan a Legas, fadar Kano ta adana tsohuwar Rolls-Royce ɗinta tana fito da ita a ranakun taro. Motar da ta ɗauki talakan Katsina shekara talatin, ta kai shi makaranta, ta kai shi filin jirgi zuwa Makka, ta kai amaryarsa ɗaki, ita ma ta cancanci a gyara wagon ɗaya da akori-kura ɗaya a ajiye a gidan tarihin jihar, tun da sauran kanikawan da suka san ta ciki da waje.

Ga mai kuɗin sayen mota ɗaya tak a Wurma kuwa, ko ɗaya daga cikin biyun ba tasa ba ce a yau. Fijo ta tsufa, kayanta na asali sun yi wuya, kuma ba ta kare rai. Motar tsere ba za ta kai shi gona ba, ba za ta ɗauki buhu biyar ba, kuma taya ɗaya tata ta isa ta ci kuɗin amfanin kadada. Abin da zai nema shi ne mai ɗagaggen ciki, mai taya mai kauri, mai ƙaramin inji, wadda jakar iskarta ke nan da gaske, kuma kafin ya biya ya je garejin Dutsin-Ma ya tambaya ko akwai mai gyara ta da inda ake samun kayanta.